Maigadin da Ya Kori Ubangidansa

Ɗan kawuna bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, sai sau ɗaya da aka kira shi ya gyara musu fanka. Amma tun daga ranar, in ba ka ce masa Injiniya ba, ba zai waiwayo ba ko da rigarsa ce ta kama da wuta. Shagonsa yana jikin nawa a saman benen kasuwa. Ni ina gyaran waya, shi yana sa wa mutane manhaja a kwamfuta, yana ƙara musu da shawarar da ba su tambaya ba. Falle ɗaya na katako ne ya raba mu, shi ya sa duk cika-bakin da zai yi a duniya ni nake fara shan sa da ɗuminsa.

A ƙasan benen akwai shagon Baba Tela. Yayarsa tsohuwar malamar lissafi ce da ta yi ritaya. Ba goggon kowa ba ce a cikinmu, amma kowa Goggo yake ce mata. Shekara bakwai da suka wuce ta gaji da ganin ƙaninta yana rubuta awon mutane a bayan kalanda, sai ta rubuta masa wata 'yar manhaja ta waya, ta sa mata suna Awo. Tela ya auna mutum, ya shigar da lambobin, in ya tashi yanka ya buɗe ya gani. Shi ke nan aikinta. Goggo ta sa rubutun manhajar a intanet a buɗe, kyauta, kowa ya ɗauka, wanda ya ga abin gyara ya aiko, ita ta duba ta shigar. Tela ya gaya wa tela, aka wayi gari teloli sama da ɗari uku suna aiki da ita.

Masu taya Goggo aiki mu goma ne. Ni nawa latse-latse ne, in yi ta danna abubuwa har in ga wanda zai fashe. Akwai 'Yar Tela, babbar 'yar Baba Tela, uwar 'ya'ya uku, mai ɗinkin kayan makaranta. Ita ba ta da yawan magana, amma rabin gyaran da ke cikin Awo hannunta ne. Sai Injiniya, wanda a cikin shekara biyu abin da ya tsinana shi ne ya canja launin wani maɓalli daga shuɗi zuwa wani shuɗin.

Ana nan sai idon Goggo ya fara ba ta wahala. Ta sanar cewa ranar Asabar ta sama, a babban taron teloli, za ta miƙa babban mabuɗi, wato ikon shigar da gyara ko mayar da shi, ga wanda ta ga ya dace a cikinmu.

Ta cikin katako na ji kujerar Injiniya ta faɗi.

Washegari da hantsi ya ja ni gidan Goggo. Muka same ta a falo da gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi.

Ya ce, "Goggo, na duba rubutun manhajar nan daga sama har ƙasa, kuma gaskiya hawaye sun zo mini. Wani ya bar tazara biyu, wani huɗu, wani layinsa ya miƙe kamar igiyar shanya. Kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai."

Ta ce, "Kazar nan ni ce, ɗana."

Ya ce, "A'a, ba ke kaɗai ba. Abin da ake yi a manyan wurare, ba mutum ke tsayawa duba irin wannan ba. Wata 'yar manhaja ake ɗorawa a bakin ƙofa. Duk gyaran da aka aiko sai ya bi ta hannunta. In ya bi ƙa'ida ta sa masa koren maki ya wuce, in ya karya ta buga masa jan kuros ya koma inda ya fito. Ni zan haɗa mana ita. Har suna na sa: Maigadi."

Goggo ta sauko da gilashin goshi ta ɗora a kan na ido ta dube shi da kyau.

Ta ce, "To. Daga yau zuwa ƙarfe sha biyun ranar taro, gidan Awo naka ne, ba zan sa hannu ba. In na ga da kyau, mabuɗi naka ne. Abu ɗaya kawai: akwai jerin awo a ciki, na rubuta a kansa kada a taɓa."

Amma tun daga "mabuɗi naka ne" kunnen Injiniya ya rufe shago.

Kwana uku yana rubuta wa Maigadi dokoki, yana karanto mini ta cikin katako. Kada layi ya wuce harafi tamanin. Tazara huɗu, ba uku ba, ba biyar ba. Kada a bar fili a ƙarshen layi, ko da ido ba ya ganinsa. Duk wani jerin sunaye a jera shi bisa abacada. Mai ƙorafi kuwa sai ya cike fom mai gida tara, in ya bar gida ɗaya Maigadi ya rufe ƙorafin.

Ni kuwa, Allah ya sani, ban iya ganin wuta tana ci in wuce ban ɗan hura ba.

Na ce, "Ɗan kawu, maigadin nan naka yana da sanda kuwa?"

"Wace irin sanda?"

"Mutum ya karya doka sau goma, a yi ta ce masa koma? Ai wannan ba maigadi ba ne, mai ba da haƙuri ne."

Can na ji maɓallai suna ƙara. Ya ce, "Kuros uku a jere, dakatarwa ta mako guda."

Na ce, "Madalla. Sai dai na san kai ba zai taɓa ka ba. Maigadi ai ya san fuskar mai gida."

Ya ce, "Kai, kana wasa da ni! Ni zan karya doka? Na sa har da ni. Kuma duk mai son canja wa Maigadi wani abu, sai ya bi ta hannun Maigadi. Babu sani, babu sabo."

Na ce, "Wannan ita ce magana ta manya."

Ranar Litinin ya saki Maigadi, ya kuma ba shi izinin ya share gidan gaba ɗaya da kansa kafin ya zauna a bakin ƙofa. Cikin minti biyu Maigadi ya bi rubutun shekara bakwai ya daidaita shi tas. Gargaɗin Goggo da ke kan jerin awo harafi tamanin da uku ne, saboda haka Maigadi ya share shi. Sannan ya jera abin da ke ƙarƙashinsa bisa abacada. Kafin azahar sabuwar Awo ta sauka a wayoyin teloli.

Kafin a kai ga teloli ma, sai da Maigadi ya yi faɗa da kansa. Ashe a cikin dokokin akwai wadda ta ce kowane shafi ya ƙare da layi ɗaya babu komai a kai, akwai kuma wadda ta ce kada a bar layin da babu komai a ƙarshen shafi. Wannan ta sa, waccan ta cire. Waccan ta cire, wannan ta mayar. Haka suka yini, kuma kowane sa-da-cirewa da sunan Injiniya ake rubuta shi, tunda shi ne ubangidan Maigadi. Kafin ya gano ya kashe doka ɗaya, allon ƙididdiga ya nuna ya yi gyara dubu huɗu da ɗari biyu, Goggo kuma dubu ɗaya a shekara bakwai.

Kun ɗauka ya ji kunya? Buga allon ya yi a takarda ya manna a ƙofar shagonsa.

Talata da safe na ji takun mutane a matakala kamar ana gudun gobara. Teloli ne, sun kai goma sha biyar, kowa da tef a wuya da waya a hannu. Wata mai ɗinkin mata, doguwa mai murya kamar ƙararrawa, ita ce a gaba.

Ta ce, "Kai ne Injiniyan?"

Ya gyara zama. "Ni ne. An zo godiya ne?"

"Godiyar me? Duba nan. Matar nan shekara biyar ina mata ɗinki. Yau na buɗe awonta, wai wuyanta inci talatin da takwas. Mutum nake yi wa riga ko saniya?"

"Kin aika ƙorafi?"

"Sau huɗu! Ina aikawa wani abu yana rufewa, wai ban cike gida na bakwai ba. Mene ne gida na bakwai?"

"Lambar sigar wayarki."

"Lambar me? Kai, ni almakashi na sani!"

Wani dattijo daga baya ya ce shi nasa mutumin tsawon wandonsa ya koma inci sha huɗu, ga shi ya riga ya zana da alli, Allah ne ya sa matarsa ta leƙo kafin ya yanka.

Injiniya ya miƙe tsaye, ya sa hannu a aljihu. Ya ce, "Jama'a, ku saurara. Na'ura ba ta kuskure. Tef ɗinku ne ya tsufa ya miƙe, ko kuma kun shigar da lambobin kuna hira. Da can Awo tana rufa muku asiri ne saboda babu tsari. Yanzu tsari ya zo."

Mai ɗinkin mata ta ce, "Tsari a gidanku! In ka yarda da ita haka, kai ka sa abin da ta auna mana."

Na leƙo ta ƙofata na ce, "Haba Hajiya, kada ki ƙure shi. Ba zai iya ba."

Ya juyo kaina kamar na taka masa ƙafa. "Wa ya ce ba zan iya ba? Ga yadina can a wurin Baba Tela, sabo fil, awona yana cikin Awo tun watan jiya. Ku zama shaida: ranar Asabar, a gaban kowa, zan karɓi mabuɗi sanye da kayan da aka yanka daidai da abin da Awo ta faɗa. Ko rabin inci kada a ƙara, kada a rage. Kuma ba zan ma gwada su ba sai a wurin taro!"

Aka gangara gaba ɗaya shagon Baba Tela. Tsohon ya buɗe wayarsa, ya matso da ita kusa da hanci, ya nisanta ta, ya sake matsowa.

Ya ce, "Ɗana, zo ka ga lambobin nan tukuna."

"Ba sai na gani ba, Baba. Kafaɗa nawa ta ce?"

"Sha takwas."

"Daidai! Ƙirji fa?"

"Arba'in da biyu."

"Daidai! Kun ji ko? Kun ji da kunnenku?"

"Amma ɗana, wuyan nan..."

"Baba, yanka."

"Tsawon ma..."

"Baba, da girmanka, kada ka bi sahun masu gardama da ilimi. Yanka kawai."

Baba Tela ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kun dai ji. Shekara arba'in ina riƙe da almakashi, ban taɓa ɓata yadin mutum ba sai yau da mai yadin ya roƙe ni."

A ranar da yamma 'Yar Tela ta hawo shagona da kwamfutarta a cikin jakar zare. Ta riga ta gano matsalar.

Ta ce, "Yaya, ka ga yadda abin yake. Goggo ta jera sunayen awo yadda tela ke bin jiki da tef, daga sama zuwa ƙasa: wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo. Lambobin kuma a haka aka adana su, na farko na wuya, na biyu na kafaɗa. Maigadi ya zo ya sake jera sunayen bisa abacada, lambobin suna nan inda suke. Kamar a ce kana da akwatin zare biyar, wani ya ɓamɓare takardun sunan ya sake manna su yadda ya ga dama. Zaren bai motsa ba, amma in ka buɗe wanda aka rubuta wa fari sai ka tarar da baƙi."

Na ce, "To kafaɗa da ƙirji fa?"

"Su sa'a suka ci, a inda suke abacada ta same su. Gyaran minti biyu ne. A mayar da jerin yadda yake."

Ta aika. Jan kuros: jerin bai bi abacada ba. Ta rubuta bayani ta sake aikawa. Jan kuros. Ta leƙa shagon Injiniya ta ce, "Yaya Injiniya, don Allah ka ɗaga wa jerin nan ƙafa, shi ne..."

Bai ɗago kai ba. "Ƙanwata, ni ba na magana da baki a kan aiki. Ki bi ta Maigadi."

Ta bi ta Maigadi karo na uku. Ya dakatar da ita mako guda.

Laraba sauran 'yan taya aiki suka gwada, kowa da dabararsa, kowa ya sha kuros uku. Ni ma na gwada, don kada a ce ban yi komai ba, na sha nawa. Wani bawan Allah da ke can wata ƙasa, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, ya aiko da doguwar wasiƙa cikin ladabi yana bayanin abin da ya lalace, Maigadi ya rufe ta saboda gida na huɗu. Aka je wa Goggo. Ta ce alkawari kaya ne, ta ce sai sha biyun Asabar. Abin da ta yi kawai, ta sa 'Yar Tela ta bi teloli a waya tana gaya musu kowa ya koma tef da takarda zuwa ranar taro.

Ranar Alhamis Injiniya ya buga katako. "Kai, zo ka ga aiki! Yau kwana guda cur babu jan kuros ko ɗaya. Babu ƙorafi ko ɗaya a buɗe. Tunda aka kafa Awo an taɓa samun zaman lafiya irin wannan?"

Na ce, "Ko a maƙabarta sai haka."

Asabar ta zo. Zauren ƙungiyar teloli ya cika maƙil, kujerun roba har bakin ƙofa, an kafa majigi yana haska bango. Injiniya ya gayyato matarsa, ya gayyato surukinsa, wani dattijo mai tsare gida wanda tun ranar da aka ba da 'yarsa yake jiran ya ga abin da yaron nan yake yi da ake ce masa Injiniya. Aka zaunar da su a layin gaba kusa da Goggo.

Sha ɗaya da kwata Baba Tela ya iso da leda a ɗaure, ya miƙa ta da hannu biyu, ya koma can layin ƙarshe kusa da ƙofa ya zauna.

Na raka Injiniya ɗan ɗakin da ake tara kujeru. Na ce, "Miƙo tsofaffin in riƙe maka, wurin nan duk ƙura ce." Ya miƙo riga da wando ta saman ƙofa. Na ninke su da kyau, na koma cikin zaure, na shimfiɗa su a kujerata na zauna a kai. Kujerun roba suna da tauri, kowa ya sani.

Mai gabatarwa ya kira Injiniya. Bai fito ba. Ya sake kira. Sai wayata ta yi ƙara.

"Kai, kawo mini kayana."

"Waɗanne?"

"Waɗanda na ba ka, ɗan banza!"

"Ban ji ba, hayaniya ta yi yawa. Fito mana, surukinka yana duba agogo."

Mai ɗinkin mata ta miƙe ta ce, "Ko dai ya gudu ne?" Zaure ya ɗauka, "Ya fito! Ya fito!"

Ƙofa ta buɗe.

Jama'a, na ga abubuwa a rayuwata. Wuyan rigar inci arba'in ne, ya buɗe kamar bakin rijiya, ya zamo ta kafaɗa ɗaya har ana ganin singileti. Hannun ya tsaya a gwiwar hannu. Rigar kanta ta ƙare a saman cibiya, ta bar tumbi yana gaisawa da jama'a. Wandon kuwa, tsawonsa inci sha biyar, bakin kowace ƙafa inci talatin da takwas, ya baje kamar lema biyu. Ƙugun ya yi masa yawa, Baba Tela kuma bai sa wurin bel ba, tunda Awo ba ta ce a sa ba. Da hannun hagu yake riƙe da shi. A ƙasa ga baƙin takalmi yana ƙyalli, da safa har ƙwauri.

Da a gaban wasu mutane ne, da dariya kawai za a yi. Amma teloli ɗari uku ne, masu auna mutum da ido tun daga nesa.

Wani ya ce, "Wuya arba'in!"

Wani ya amsa daga can, "Tsawo ashirin da biyar!"

"Hannu sha shida!"

"Baba Tela, wallahi ɗinkin ya yi kyau! Dubi kalmasar bakin wandon nan!"

Baba Tela ya ɗaga hannu daga baya. "Yadda aka ce haka na yi."

Matar Injiniya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Surukin bai yi dariya ba. Cire gilashi ya yi, ya goge, ya mayar, ya ce a hankali, "Wannan shi ne kayan aikin naku?"

Injiniya dai namiji ne, ba zan ɓoye ba. Ya hau dandamali ya karɓi abin magana da hannu ɗaya. Ya ce, "Jama'a, kafin ku yi gaggawar yanke hukunci, ku dubi kafaɗar nan. Ku dubi ƙirji. Akwai wanda zai ce..."

Dariya ta cinye sauran.

Goggo ta buga sandarta a ƙasa aka yi tsit. Ta ce, "Ɗana, saura minti ashirin sha biyu ta cika. Har yanzu gidan naka ne. Kai kaɗai ka rage Maigadi bai kora ba. 'Yar ƙanina ta ce a mayar da jerin awo yadda yake. Ga kwamfuta, ga bango kowa yana gani. In ka gyara kafin sha biyu, ban fasa ba, mabuɗi naka ne."

Ya zauna a gaban kwamfuta, ya haɗe gwiwoyi saboda lema biyun nan, ya fara bugawa da hannu ɗaya. Duk harafin da ya buga yana fitowa a bango kamar tafin hannu. Ya mayar da wuya sama, ya aika.

Jan kuros, ƙato, ya cika bango. An bar fili a ƙarshen layi na uku.

Zaure ya ce, "Ɗaya!"

Ya share gumi da guntun hannun riga. Ya cire filin, ya ƙara bayani a saman jerin cewa kada a taɓa, ya aika.

Jan kuros. Bayanin harafi tamanin da ɗaya ne.

"Biyu!"

'Yar Tela ta miƙe daga inda take. "Yaya Injiniya, tsaya, kada ka aika na uku. Ko ka gyara wannan, dokar abacada tana nan tana jiranka. Sai ka fara..."

Ya ce, "Ƙanwata, ni na haifi Maigadi. Ya san hannuna."

Na ce daga kujerata, "Ƙwarai kuwa. Nuna musu, ɗan kawu."

Ya cire harafi ɗaya. Ya aika.

Bango ya yi ja gaba ɗaya. Sannan saƙon dakatarwa ya fito, wanda shi da kansa ya rubuta ranar da nake hura masa wuta, kuma mai gabatarwa, Allah ya saka masa, ya karanta shi da ƙarfi a abin magana: "Kai wannan, ba ka iya aiki ba. Je ka koyi tsari wurin manya ka dawo bayan mako guda. Nan babu sani, babu sabo. Sa hannu, Injiniya."

Injiniya ya zabura ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama. "Ni? Ni za ka kora? Ni na..."

Hannu biyu, na ce. Wando ya ga an sake shi, ya kama hanyar gida.

Goggo, da idon da ake cewa ba ya gani, ita ta fizge zanen teburin da ke gabanta ta wurga masa kafin abin ya kai inda ba a faɗa. Kofuna suka tarwatse. Ya cafe ya ɗaura. Sai ga Injiniya a kan dandamali da zanen teburi mai hoton furanni, ga tabon shayi a gaba.

Da aka samu dariya ta lafa, wasu suna share hawaye da tef, Goggo ta dubi agogo ta ce sha biyu ta yi. Ta kira 'Yar Tela ta zaunar da ita a gaban kwamfuta, ta raɗa mata kalmomin babban mabuɗi a kunne. Minti huɗu aka yi. Wayoyi suka fara ƙara a cikin zaure, mai ɗinkin mata ta duba tata ta yi guɗa: wuyan matar nan ya dawo sha huɗu.

Wani ya ce a kashe Maigadi kowa ya huta.

'Yar Tela ta ce, "A'a, yana da amfaninsa. Rubutun ya fi kyan karantawa yanzu, wannan gaskiyar Yaya Injiniya ce. Sandar kawai zan karɓe. In ya ga tazara ta karkace ya gyara da kansa ya yi shiru. Jerin awo kuma na gaya masa ba gonarsa ba ce. Ƙorafi kuwa, ko da murya mutum ya aiko, za a saurara." Ta juya wajen jama'a. "Na ɗage wa mutum tara dakatarwa. Saura ɗaya. A ɗage?"

Teloli ɗari uku suka haɗa baki: "Babu sani, babu sabo!"

Surukin ya miƙe, ya gyara hula, ya tsaya a gaban dandamali. Ya ce, "Yaro, in ka tashi zuwa gaishe ni, ka zo da kayan mutane." Ya fita.

Sai a lokacin na tuna ina zaune a kan wani abu. Na kai masa kayansa har dandamali, da ɗuminsu, na ce na tsince su. Abin da ya ce mini ba zai rubutu ba, kuma ya wuce harafi tamanin.

Rigar da wandon suna nan rataye a shagon Baba Tela, a saman keken ɗinki. Duk wanda ya zo yana gaya masa yadda zai yi aikinsa, tsohon sama kawai yake nunawa da almakashi.

Ranar Litinin da hantsi ina cikin kwance wata waya, sai na ji murya ta cikin katako. Wani ne ya kawo kwamfuta, Injiniya yana ba shi labari.

"...kuma ka san a ilimin ɗinki, kafaɗa da ƙirji su ne ginshiƙin riga. Sauran duk ado ne. To waɗannan biyun, ko teloli da bakinsu sun shaida, ko rabin inci ba su kauce ba. Ita ma yarinyar da aka ba mabuɗin, a gaban mutum ɗari uku ta ce gaskiyata ce. Yanzu haka hutu na ɗauka na mako guda, don in ba su dama su gwada ƙarfinsu."

Na ƙwanƙwasa katako.

"Mene ne kuma?"

Na ce, "Ba komai, ɗan kawu. Maigadi ne ya ce in gaishe ka. Wai saura kwana biyar."